Wa Ke Riƙe Zuciyar Yaro? Waiwaye a Tarihinmu na Jos

Duk wanda ya zauna a garin nan ya san abin da ke faruwa idan tayar mota ta fashe a Dilimi ko a Bauchi Road da rana tsaka. Kafin ƙarar ta lafa, mai shago ya kai hannu ƙofa, mai talla ta dafe farantinta, wani kuma ya riga ya zaro waya yana tambayar gida ko yara sun dawo daga makaranta. Bayan minti biyu a gane ashe taya ce, a yi dariya, kowa ya koma harkarsa. Wanda ba mu cika lura da shi ba shi ne yaron da ke tsaye a gefe, ɗan shekara takwas ko tara. Bai taɓa ganin rikici da idonsa ba, amma ga shi jikinsa na ɓari. A ina ya koyi wannan tsoron? A wurinmu ya koya. Ya karanta shi a fuskar uwarsa, ya ji shi a muryar babansa.

Masu iya magana suka ce waiwaye adon tafiya. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwaya mu duba yadda iyaye da kakanninmu suka riƙa tallafar zukatan yara a garin nan, da abin da ya rushe a hannunmu, da kuma irin horon da ya fara shigo mana. Tarihin namu darasi ɗaya yake ta maimaitawa: yaro yakan jure abu mai nauyi matuƙar akwai manya kewaye da shi da suka san halin da yake ciki.

Zamanin kuza

Tun kafin Turawa, mutanenmu sun san kuza. Ana narka ta a Liruwen Kano da Liruwen Dalma, fatake suna yawo da ita kasuwa-kasuwa. Da Turawan kamfanin Neja suka bi sawunta har suka kafa sansani a Naraguta wajajen 1904, sai hanya ta buɗe. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, babban layin dogo daga Kafanchan ya biyo baya a 1927. Mutane suka yi ta kwararowa daga Kano, Katsina, Zazzau, Bauchi, Sakkwato da Barno: leburori, mahauta, maɗinka, dillalai, malamai da almajiransu.

Mu tuna fa, yawancin waɗannan mutane baƙi ne da suka baro dangi a nesa. Ga sanyin da ba su saba da shi ba, ga aikin rami mai haɗari, ga zaman bariki inda babu mai kwaɓar wani. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu abin ya ƙara muni. Daga 1942 zuwa 1944 gwamnatin mulkin mallaka ta riƙa ɗibar mutane daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas a ramukan kuza, dubbai a kan dubbai, kuma da yawa sanyi da cuta da ƙarancin abinci suka kashe su. Wasu sun bar mata da ƙananan yara, a nan ko a can garuruwansu.

To, me ya riƙe al'umma a irin wannan hali? Babu likitan ƙwaƙwalwa, babu ofishin jin daɗin jama'a da talaka zai je. Abin da ya riƙe mu shi ne tsarin maigida. Baƙo ya sauka a zauren wani ɗan garinsu da ya riga shi zuwa, a ba shi wurin kwana da tuwo, a nema masa sana'a, in ya natsu a yi masa aure. In ya rasu, maigidan nan shi ne uban marayunsa. Sunayen da wasu mazaɓunmu ke ɗauke da su har yau, irin su Ali Kazaure, Garba Daho, Ibrahim Katsina, Abba Na Shehu da Sarkin Arab, suna tuna mana zamanin da ake sanin unguwa da sunan mutumin da ke riƙe da ita. Dangin da aka baro a gida, maƙwabta suka maye gurbinsu.

Maganin da ba a kira shi magani ba

In muka duba al'adunmu da idon basira, za mu ga da yawansu an gina su ne don kada a bar mutum shi kaɗai da damuwarsa. In an yi rasuwa, ana zaman makoki, maƙwabta su ɗauke wa gidan girki, jama'a su yi ta shigowa gaisuwa. Matar mamaci ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma, mata 'yan uwanta suna leƙa ta. In gobara ko ɓarayi suka taɓa mutum, a je masa jaje, a haɗa masa gudummawa. Mai haihuwar fari ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta yi wankan jego a hannun tsohuwar da ta san kan abin, ba a barin ta da jariri ita kaɗai cikin dare tana kuka yana kuka. Yaron da iyayensa suka rabu ko suka rasu, gwaggo ko kawu ko kaka su ɗauke shi riƙo.

Su kuma yara suna da nasu. Da safe makarantar allo, inda malam ya san kowane yaro da gidansu. Da yamma langa da ƙwallo, 'yan mata kuma gaɗa a dandali. Da dare tatsuniya a ɗakin kaka, inda ake ba yaro labarin Dodo da kura yana manne da jikin wadda ya amince da ita, ya ji tsoron, ya kuma ga tsoron ya wuce. Masana halayyar yara na yau suna cewa babban abin da ke kare yaro daga illar tashin hankali shi ne samun babba ko da guda ɗaya ne, mai kula da shi, wanda ba ya gushewa. Kakanninmu ba su karanta wannan a littafi ba, amma sun ce ɗa na kowa ne, kuma sun yi aiki da shi.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: tsarin namu yana da giɓi. Mun iya cewa "yi haƙuri", ba mu iya cewa "gaya mini abin da ke damunka" ba. Yaro namiji in ya yi kuka a ce ya zama mace. Yarinya in ta yi shiru ta rame a ce kunya ce ko ƙuruciya. Wanda abin ya yi wa tsanani kuwa, kai-tsaye a ce iska ce ko sammu, a yi ta yawon neman magani har dukiya ta ƙare, asibiti ne wuri na ƙarshe da za a tuna. Kalmar "mahaukaci" kuma ta zama tambarin da ke hana 'yan gida ɗaya samun aure. Saboda haka ake ɓoyewa.

Shekarun da katanga ta tsage

An ɗanɗana tashin hankali a garin nan a 1945 da 1966, an kuma yi na Afrilun 1994. Amma ranar Juma'a 7 ga Satumba, 2001, ita ce ta raba tarihin Jos gida biyu. Abin da ya faro daga Kongo-Rosha ya ɗauki kusan mako guda, kuma ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa rayukan da suka salwanta sun kai dubu. A Fabrairun 2002 babbar kasuwar Taminus ta ƙone, jarin dubban magidanta ya zama toka. Ranar 28 ga Nuwamba, 2008, bayan zaɓen ƙananan hukumomi, aka sake komawa, aka rasa aƙalla mutum 700 cikin kwana biyu. Ranar 17 ga Janairu, 2010, wani ya sake ɓarkewa, ya kai har Kuru Karama, a watan Maris kuma aka yi na Dogo Nahawa. Daga nan sai bama-bamai: na jajibirin Kirsimetin 2010, na Taminus ranar 20 ga Mayu, 2014, wanda ya ci rayuka sama da ɗari, da na 5 ga Yuli, 2015, cikin azumi, a masallacin 'Yan Taya da wani gidan abinci a Bauchi Road. A tsakani kuma ga ambaliyar Yulin 2012 da ta share gidaje a Rikkos da kewaye. Musulmi sun yi kuka, Kirista sun yi kuka. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya ba iyalansu haƙuri.

An ƙirga gawarwaki, an ƙirga gidaje da shaguna, an kafa kwamitocin bincike tun daga na Mai Shari'a Niki Tobi. Abin da ba a ƙirga ba shi ne yaran da suka gani. Yaron da aka goya aka yi gudu da shi cikin hayaƙi. Wanda ya kwana a barikin soja ko a ajin makaranta tare da ɗaruruwan 'yan gudun hijira. Wanda aka kulle a ɗaki kwana da kwanaki lokacin dokar hana fita, yana jin harbi, ba wanda ya yi masa bayani. Wanda babansa ya fita kasuwa bai dawo ba, ba a ma ga gawarsa ba balle a yi masa sutura.

Wani abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, rikicin ya bugi ainihin abin da muke dogaro da shi. Gari ya rabu, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa. Maƙwabcin shekara talatin ya tashi, aminin makaranta ya koma unguwar da ba a iya shiga. Unguwanninmu irin su Unguwar Rogo, Rikkos, Gangare da 'Yan Shanu suka cika maƙil, gidan da aka gina don iyali ɗaya ya ɗauki uku. Filin da yara ke wasa ya zama fuloti. Maigidan da a da yake riƙe marayun wasu, yanzu shi ma neman mai riƙe shi yake yi. Uwar da ya kamata ta kwantar wa yaro da hankali, ita ma ba ta barci. In mai ɗaukar kaya ya gaji, wa zai ɗauki kayan?

Mun ga abin da ya biyo baya, ko da ba mu haɗa shi da asalinsa ba. Yaran 2001 da 2008 su ne samarin da wasunsu suka faɗa sara-suka da shaye-shaye. Ba Jos kaɗai ba ce: binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 14.3 a Nijeriya suna ta'ammali da ƙwaya, kuma a watan Mayun shekarar ne gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Ba muna cewa kowane ɗan shaye-shaye rikici ne ya jefa shi ba. Amma da yawa abin da suke nema a kwalba shi ne barcin da ya ƙaurace musu. Iyaye da suka rasa yadda za su yi, wasu suka kai 'ya'yansu gidajen mari. Abin da 'yan sanda suka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, mutum sama da 300 a gida ɗaya, wasu da sarƙa a ƙafa, ya isa ya nuna mana inda rashin mafita ke kai iyaye.

Asibiti da doka

A ɓangaren hukuma, an daɗe ana kallon mai taɓin hankali a matsayin wanda za a tsare, maimakon wanda za a yi wa magani. Dokar da Turawa suka kafa a 1916, wadda aka sabunta a 1958, ita ta ci gaba da aiki har zuwa Janairun 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, mai kare mutuncin majiyyaci da haƙƙinsa. A nan Jos muna da sashen likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH, jami'ar kuma tana da sashen nazarin halayyar ɗan Adam. A Arewa akwai manyan asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato, Maiduguri, da Dawanau ta Kano. Amma likitocin wannan fanni a duk ƙasar 'yan ɗaruruwa ne, ga jama'a sama da miliyan 200. Ko da kowane gida ya yarda ya je asibiti gobe, ba za su iya da mu ba.

Wani ɗan Nijeriya ya hango wannan tun da daɗewa. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta, inda majiyyata ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan uwansu, suna zuwa asibiti da rana, har ma ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Duniya ta yaba, shi kuma daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da ya gano shi ne wanda kakanninmu suka sani: mutum ya fi saurin warkewa a cikin mutanensa.

Horon da ya shigo

A kan wannan tunani ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP a 2008, don a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci, waɗanda ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba, yadda za su gane ciwon damuwa, farfaɗiya, shaye-shaye da matsalolin yara, su yi maganin abin da za su iya, su tura sauran gaba. A 2011 kuma ta fitar da jagorar taimakon farko ga wanda ya shiga firgici. Ginshiƙanta uku ne, kuma ba sa buƙatar digiri: ka duba wa ke cikin hali, ka saurare shi ba tare da tilasta masa magana ba, ka haɗa shi da danginsa da taimakon da yake buƙata. A Zimbabuwe, Dokta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, kuma binciken da aka wallafa a 2016 ya tabbatar da cewa abin yana aiki. Kakanni ne fa, irin namu.

A nan gida ma ba a zauna ba. 'Yan agajin Jama'atu Nasril Islam, da na Izala wadda aka kafa a garin nan a 1978, da na Fitiyanul Islam, su ne suka ɗauki gawa da masu rauni a kowane rikici. Matan FOMWAN da malaman Islamiyyun matan aure sun share hawayen zawarawa da yawa. A 2010, bayan mata Kirista da mata Musulmi sun yi zanga-zangarsu daban-daban, Fasto Esther Ibanga da Hajiya Khadija Hawaja suka haɗa kai a ƙungiyar Women Without Walls Initiative, ma'ana matan da babu katanga a tsakaninsu. Daga 2013 zuwa 2014 an yi zaman tattaunawa tsakanin al'ummomin Jos har aka sa hannu a takardar zaman lafiya, a 2016 kuma gwamnatin jiha ta kafa hukumar gina zaman lafiya. Ƙungiyoyin gida da na waje sun shirya bita iri-iri a kan warkar da raunin zuciya.

Duk wannan alheri ne. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: yawancin bitar a ɗakin taron otal ake yin ta, da Turanci, kwana uku a raba takardar shaida a watse, kuma sau da yawa fuskokin da suka je wancan su ne a wannan. Ilimin bai cika isa ga malamin da ke gaban yara saba'in a Islamiyya ba, ko ungozoma, ko uwar da ke cikin gida. Alhali su ne yaro ke gani kullum.

Abin da ya rage gare mu

Kada wani ya ce wannan ilimi baƙo ne a addininmu. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi Shekarar Baƙin Ciki suke kiranta. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya kula da wani ƙaramin yaro da ɗan tsuntsunsa ya mutu, ya tsaya yana tambayarsa labarin tsuntsun. Malam Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, inda ya bambanta baƙin cikin da ke da sanadi da wanda ke sauko wa mutum haka kawai yana buƙatar magani. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne.

Labarin zuciya a tambayi fuska. Yaro ba zai ce "ina cikin damuwa" ba. Zai koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya riƙa firgita cikin barci, ko ya manne wa uwarsa, ko ya yi ta ciwon ciki da ciwon kai ba a ga cuta ba, ko karatunsa ya faɗi, ko ya zama mafaɗaci, ko ya yi shiru ya daina wasa. Bulala ba ta maganin ko ɗaya daga ciki. A zauna da shi, a gaya masa gaskiya daidai hankalinsa, a mayar da shi makaranta da wasa da cin abinci a kan lokaci, a kuma daina kallon bidiyon gawarwaki a waya a gabansa. In kuwa mutum ya fara maganar kashe kansa, ko ya kwana biyu-uku ba barci yana sambatu, ko yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko mai jego ta ƙi jaririnta, to wannan na asibiti ne, a ranar, ba sai an gama zagaye ba. Farfaɗiya ma tana da magani, kuma ba a ɗaukar ta ta yawu.

Ba abin da zai hana kwamitin masallaci da masu unguwa su nemi ma'aikatan lafiya su zo su koyar da mu a nan cikin unguwa, da Hausa: malami biyu daga kowace Islamiyya, mace da namiji, da 'yan agaji, da ungozomomi, da masu horar da yara ƙwallo. Ba abin da zai hana matan da ke adashi su ware wani abu don kuɗin motar kai mara lafiya asibiti. Su ma 'yan agajin da suka ɗauki gawarwaki shekara da shekaru, wa ya taɓa tambayarsu yadda suke barci? Sannan in za mu ba yara labarin abin da ya faru, kada mu tsaya a kan wanda ya ƙona. Mu haɗa da maƙwabcin da ya ɓoye maƙwabcinsa, irin Liman Abdullahi Abubakar na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, wanda ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa a Yunin 2018. Kusan kowace unguwa tana da irin nata, ta kowane ɓangare.

Yaran da aka goya aka yi gudu da su a 2001 yau su ne ke kai nasu 'ya'yan makaranta. Abin da muka kasa yi musu, muna da damar mu taya su yi wa nasu. Kakanninmu sun zo garin nan ba su da kowa, suka mayar da maƙwabta dangi. Abin da ake nema a wurinmu bai kai nasu wuya ba: mu riƙe wancan zumuncin, mu ƙara masa ilimin sauraro. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya zaunar da garinmu da jiharmu lafiya. Amin.